Tambaya kan tarihin otal ɗin Grand Hotel na Scarborough

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina karatun tarihi a nan Damagaram, kuma na ci karo da hoton wani ƙaton otal da ke bakin teku a garin Scarborough na ƙasar Ingila, wanda aka ce an gina shi a zamanin Sarauniya Biktoriya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne dalilin da zai sa a zuba dukiya haka a garin da ba babban birni ba, kuma a wurin da sanyi ya yi yawa. Ina roƙon masana su haskaka mini.

Malamin tarihi, Zengo:
Wa alaikumus salam, ɗana. Garin ya fara suna ne tun kusan 1626, lokacin da aka gano wani ruwan marmaro da mutane suka yarda yana warkarwa, daga baya kuma likitoci suka riƙa umartar marasa lafiya da yin wanka a teku, sai masu hali suka mai da zuwa can al'ada a lokacin zafi. Abin da ya buɗe ƙofa sosai shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso garin daga York a 1845, domin masu masaƙu da 'yan kasuwar garuruwa irin su Leeds da Bradford sun samu hanyar zuwa cikin sauƙi, kuma suna son masaukin da ya dace da arzikinsu. An fara ginin a 1863 bisa zanen Cuthbert Brodrick, wanda ya zana zauren majalisar birnin Leeds, kuɗin kamfanin farko suka ƙare, har sai da ginin ya sauya hannu kafin a buɗe shi a 1867 yana cikin otal-otal mafi girma a Turai.

Tsarinsa ya fi komai burge ni, domin an ɗora shi a kan lissafin shekara: hasumiya 4 don yanayi huɗu, bene 12 don watanni, bututun hayaƙi 52 don makonni, da ɗakunan kwana 365. An yi shi da bulo mai ruwan ɗorawa, a siffar harafin V don girmama sarauniyar, kuma an ja ruwan teku har cikin ɗakunan wanka, ta yadda baƙo zai zaɓi wanda yake so tsakaninsa da ruwan daɗi.

Hajiya daga Sabon Gari:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira, amma ina ganin bai kamata a tsaya a zamanin ɗaukaka kaɗai ba. A ranar 16 ga Disamba, 1914, jiragen ruwan yaƙin Jamus sun yi wa garin luguden wuta, otal ɗin kuma ya sha harsasai da dama saboda yana tsaye a kan tudu inda ba ya ɓuya. A yaƙin duniya na biyu an sauke sojojin sama masu samun horo a cikinsa. Sai dai abin da ya fi karya shi ba yaƙi ba ne, arahar jirgin sama ce, wadda ta sa Ingilawa suka juya zuwa gaɓar Sifen mai rana. A 1978 kamfanin Butlins ya saye shi ya mai da shi masaukin masu ƙaramin ƙarfi, sannan a 2004 ya koma hannun Britannia Hotels.

Malamin tarihi, Zengo:
Gaskiyarki, Hajiya. Zan ƙara da cewa hukuma ta sanya shi cikin gine-ginen tarihi da doka ta kare, don haka mai shi ba zai rushe shi ko ya sauya fuskarsa yadda ya ga dama ba. Wannan batu yana taɓa ni ƙwarai, domin fadar Sarkin Damagaram ma ginin ƙarni na 19 ce, kuma tana tsaye saboda ana zaune cikinta ana yi mata yaɓe, alhali wasu tsofaffin gidajen unguwar Birni masu zane a bango damina tana cin su saboda babu mai kula.

Ɗan Birni:
Na gode Malam, na gode Hajiya. Idan da hali, Malam, ina son ƙarin bayani kan yadda waccan doka take raba nauyin gyara tsakanin mai gini da hukuma.