Na kankare kulas, pisto ya huje a gwaji na ukku, mi na ɓata?

Ɗan Gareji Zariya:
Salamu alaikum ƴan uwa makanikai. Ni aparanti ne nan Maradi, shekara ta biyar ke nan a gareji. Akwai wata tsohuwar Corolla mai inji 4A-F, na karbirato, 1.6, maigidana ya bar mini ita in koyi aiki a kanta. To ni kullum da dare ina kallon bidiyon tseren nan na Amurka da motoci biyu suke tsayawa kan layi, fitila na yin kore su hita a miƙe ba kwana ba komi, abin ya shiga raina sosai har na ce sai na haɗa inji mai tashi irin haka ko da kaɗan ne. Na tara kuɗina na kai kulas, wato murhin saman inji, aka kankare mini mili 1 cur, na sa sabon juwan (abin da ake shimfiɗawa tsakanin kulas da jikin inji), sabbin sagma (zobban pisto) da aka kawo mini daga Ƙofar Ruwa Kano, na cire filtar iska gaba ɗaya don ta sha iska, na ƙara abansi, wato na sa wutar buji ta riƙa tashi da wuri. Gwaji na ɗaya wallahi ta tashi kamar ba ita ba. Na biyu na hwara jin wani ƙaras-ƙaras kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani in na taka sosai. Na ukku sai hwarin hayaƙi, ta mutu. Da na buɗe, pisto na ukku ya huje a gehe, bakinshi ya zagwanye kamar ɓera ya ci sabulu, buji kuma fari tas da ɗigo-ɗigon baƙi a jiki. Kusan jika 90 sun tahi. Don Allah mi na ɓata? Kuma su waɗancan ya akai nasu ba ya narkewa?

Baba Mai Kulas:
Wa alaikumus salam ɗana. Sannu, Allah ya mayar da alheri. Wannan ƙarar tsakuwar da ka ji ita ce ta kashe maka inji, kuma da ka tsaya tun gwaji na biyu da pistonka na nan. Mai ne yake hwashewa da kanshi a lungun silinda kahin wutar buji ta iso wurin, sai ya zama guduma ce kake saukewa kan pisto ba turi ba. Bari in yi maka lissahi. Injin nan matsinshi daga kamfani 9.5 ne, faɗin silinda mili 81. In ka ɗebe mili 1 a kulas ka rage ɗakin wuta da kusan cc 5, matsi ya haye wajen 10.5. Shi kaɗai wannan ba laihi ba ne, amma matsi mai yawa mai mai kyau yake so, kai kuma ban sani ba ko na kwalba ka zuba, wanda ya wuni cikin rana bakin titi, wani ma an garwaya shi. Sannan ka ƙara abansi a kai, alhali in matsi ya hau rage abansi ake. Sannan ka cire filta ba ka buɗe jiklar ba, wato ƴar ƙofar da mai ke hita a karbirato, iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, shi ya sa bujinka ya yi fari, ɗigon nan da ka gani kuwa alamar hwashewar ce, wani lokaci ma naman piston ne da kanshi yake mannewa. Abu ukku ka haɗa mishi rana guda, ga zahin garin nan da ke wuce 40 a watan Afrilu. Ni shekara da shekaru ina buɗe inji, ban taɓa canza abu biyu lokaci guda ba, don in ya lalace ba ka san wanne ya yi ɓarnar ba.
Kuma filtar nan maida ta yau. Ƙurar Maradi ta fi takardar yashi cin silinda.

Ɗalibi a Yamai:
Game da tambayarka ta biyu, nasu ma narkewa yake yi yayana, bambancin su sun shirya ma hakan. Manyan da ake kira Top Fuel injinsu lita 8.2 ne, silinda 8, an gina shi kan tsarin injin Hemi na kamfanin Chrysler, ana ƙiyasta ƙarhinshi wajen doki 11,000. Ba isansi suke sha ba, nitrometan ne har kashi 90 cikin ɗari sauran metanol. Shi wannan man yana ɗauke da iskar ƙonewarshi a jikinshi, kilo 1 na isansi yana son iska kilo 14.7, shi kuwa wajen 1.7 ta ishe shi, don haka suna iya ɗura mai da yawan gaske cikin silinda. Buji biyu-biyu kowace silinda, kuma babu radiyato babu ruwa, man ne ke sanyaya shi. Tseren ko daƙiƙa 4 ba ya kaiwa, gudu ya wuce kilomita 530 a awa, ana gamawa sai ma'aikata su wargaza injin su duba pisto, sagma, kusine (wato beyarin), su sake haɗawa kahin zagaye na gaba. Da can nisan tserensu mita 402 ne, amma tun 2008 hukumarsu NHRA ta maida shi wajen mita 305 bayan direba Scott Kalitta ya rasu a haɗari. A bidiyo daƙiƙa 4 ɗin kawai ake nuna muna.

Mai Lantarkin Mota:
Baba ya gama magana, ni dai ƙari biyu. Sagma da ka sa, ka auna gibin bakinsu cikin silinda kahin ka haɗa? Ƙarhe in ya yi zahi miƙewa yake, in gibin ya yi kaɗan bakin biyu su haɗe su ɓalle gehen pisto, kuma yadda ka ce gehe ne ya ci sai na yi zargin har da wannan. Na biyu, kankare kulas yana rage tazara tsakanin bilbirke (sandar da pisto ke juyawa) da arbarakam (sandar da ke buɗe supap, wato bawul), kuruwa, bel ɗin da ke haɗa su, ta ɗan sauya lokacin buɗe supap, sai ka sake duba mak ɗinka, wato alamomin saitin. In ka haɗa, hwara da auna matsi silinda huɗun su zo kusa da juna, ka barta ta yi tahiya a hankali sagma su zauna, ka sa buji mai sanyi, wato mai saurin hidda zahi, a bujin kamfanin NGK lamba in ta hau ita ce mai sanyi. Duk taki guda ka kashe inji nan take ka kwance buji ka duba, launin shayi da madara kake nema.

Hajiya Mai Shago:
Ni ba makanika ba ce, ƙanena ne ke aikin shi ya sa nike leƙowa. Don girman Allah ina kake wannan gwajin? In kan hanyar Ɗan Isa ne ko ta Tasawa ka bari, akwai amalanke, akwai ƴan kabu-kabu, akwai yara masu talla da ke tsallakawa ba dubawa. Mun binne ɗan maƙwabcinmu kan irin wanga gudun, uwarshi har yau ba ta dawo daidai ba.

Ɗan Gareji Zariya:
Na gode ƙwarai Baba, Allah ya ƙara girma. Gaskiya na kwalba na zuba, kuma sagma ban auna ba, yadda suka zo na sa su. Hajiya na ji maganarki, da asuba nike hita bayan gari amma ba zan sake ba sai na samu fili da babu kowa kuma maigida na tsaye. Na duba silinda ta ukku da fitila akwai zane guda da farce ke kamawa. Baba wannan gogewa za ta ɗauke shi ko sai an faɗaɗa an sa pisto mai girma? Kuma kulas ɗin in sa juwan mai kauri ko in nemi wani?

Baba Mai Kulas:
In farce ya kama sai an faɗaɗa, kuma huɗun duka za a yi ba guda ba. Kulas kar ka yar, a ɗora mishi ma'auni a gani ko zahin ya lanƙwasa shi tukuna. Ka ɗauko shi da piston da ya huje ka zo mini da su ranar Asabar bayan la'asar, ka gaya ma maigidanka kahin ka taho.