Barci ba ya isa, da rana rai a jagule: daga ina za a fara gyara?

Ɗan Nima, Accra:
Assalamu alaikum iyaye da yayye. Mutum ya tashi da Asuba, ya bi trotro (motar haya) zuwa aiki, ya dawo gidan haya ga zafi ga hayaniya, barcin bai fi awa biyar ba. Da rana sai saurin fushi, ko wasa da yara ba ya iyawa. Me za a fara gyarawa?

Malam Mai Allo, Mamobi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da lissafi. Baligi yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9. A nan Accra lokutan salla ba sa gusawa sosai duk shekara: Asuba tsakanin 4:30 da 5:00 ko ɗan gota haka, Isha'i wajen 7:00 zuwa 7:30. Wanda zai tashi 4:30, in yana son awa 7, ƙarfe 9:30 ta same shi ya yi barci, ba yana shirin kwanciya ba. Ke nan awa biyun da ke bayan Isha'i su ne wurin gyara. Kada ka janyo lokacin gaba ɗaya, za ka kwanta ido biyu ne kawai. Janyo lokacin kwanciya da minti 15 duk bayan kwana uku, lokacin tashi kuma ya tsaya wuri guda har ranar Lahadi. Ƙailula bayan Azahar minti 20 ta wadatar. In ta kai awa, ko aka yi ta bayan La'asar, barcin dare za ta ci.

Hajiya Mai Koko:
Malam ya yi gaskiya, amma bai taɓo ataya ba. Ɗana, sinadarin da ke cikin ganyen shayi da goro, wanda ke hana barci, sai bayan kamar awa 5 rabinsa ke fita daga jiki. Ka sha zagayen farko mai ɗaci ƙarfe 8:00, ƙarfe 1:00 na dare rabinsa yana nan. Wasu kan ce su yana sa su barci ma. Idon yana rufuwa, amma barcin ba ya nisa, shi ya sa ake tashi a gajiye. Ban ce ka bar majalisa ba, zama da 'yan'uwa shi ma magani ne, kuma wanda ya yanke zumunci don neman hutu damuwa zai ƙaro. Je ka a yi hira, goro da ataya dai a tsayar da su daga La'asar. Tuwo kuma a ci da Magariba, don mai nauyi dab da kwanciya yana tayar da ƙwannafi.

Yaya Birkila, Sabon Zango:
Ni ɗakin zan yi magana a kai, musamman Fabrairu da Maris. Kwano da bulo suna shan rana wuni guda, da dare su sako zafin ciki. Kunna fanka a ɗaki rufe juya iskar zafi ce kawai. Da Magariba sa fankar a bakin taga tana fuskantar waje, ƙofa a buɗe da labulen raga, minti 30, ta fitar da zafin, sannan ka juyo da ita. Katifar da ke lulluɓe da leda tana tara gumi, shimfiɗa tabarma da zanen auduga a kai. Sabon gidan sauro mai magani a shanya shi a inuwa kwana guda kafin a shiga, in ba haka ba fuska ta yi ta zafi, mutum ya yar da shi ya koma maganin hayaƙi mai shaƙe ƙirji. Saboda dumsor, wato ɗauke wutar lantarki, fanka mai caji ta fi.

Nas Ummi:
Ƙari ɗaya, ɗan'uwa. In an gyara duk wannan wata guda babu sauƙi, ko ana minshari mai ƙarfi har numfashi yana ɗaukewa, ko ciwon kai da safe, a je asibitin Mamobi a auna jini, domin wannan yakan zo tare da hawan jini. Haka wanda ya yi mako biyu komai ya fita ransa. Kada a sayi ƙwayar barci a kemis ba da takardar likita ba, jiki yana sabawa da ita, ranar da aka daina rashin barcin ya dawo fiye da da.