Ƙafafun ɗan ƙanwata sun kumbura, ƙiba ce ko ciwo?

Maman Hafsa, Gadarif:
Assalamu alaikum. Ƙanwata da 'ya'yanta huɗu suna wurina tun da aka gudo daga garin Madani saboda yaƙin Sudan a Disamba 2023. Mijinta shiru har yau. Godo-godo nake sayarwa a bakin kasuwa, da shi muke ci gaba ɗayanmu. Autan nata shekararsa biyu, ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja, ga yawan rigima. Surukata ta ce ƙiba ce, maƙwabciya ta ce kambun baka. Asida, wato tuwonmu, da miya yake ci kamar kowa. Kuɗin likita kuwa babu. Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini.

Mai jinya, Kasala:
Yaya, ki danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, ki ƙirga uku. In ramin ya tsaya bayan kin ɗaga, tamowa ce mai tsanani, ba ƙiba ba. Asida tana cika ciki, amma ba ta gina jikin yaro ita kaɗai. Ki kai shi cibiyar kula da masu tamowa. Za su auna damtsensa da tsiri mai launi. Ja yana nufin ƙasa da santimita 11.5. Amma mai kumburi ana karɓarsa ko da awon ya yi kyau. Abincin gyaɗa na leda da suke ba masu tamowa kyauta ne. In ba ya iya ci, ko yana zazzaɓi, kwantar da shi za a yi. Kuma ledar tasa ce shi kaɗai, magani ce.

Baffa, Mai Wurno:
'Yata mai jinya, faɗa da baki ba wuya. Wace uwa za ta ba ɗaya, uku na tsaye suna haɗiyar yawu? Shi ya sa kike ganin ledojin nan a kasuwa, ba mugunta ba ce. Maman Hafsa, ki fara nema wa manyan yaran takiyya, wato inda ake dafa abincin sadaka, a unguwarku, ko adas ko balila su samu sau ɗaya a yini. Ki kuma sa limaminku ya kai sunan ƙanwar taki Diwanin Zakka, wato ofishin zakka, tana cikin masu haƙƙi.

Maman Hafsa:
Na danna, ramin ya tsaya. Jibi in na haɗa kuɗin raksha, babur ɗin nan mai ƙafa uku, za mu je.

Mai jinya:
Ba jibi ba, Yaya, yau. Ki goya shi in ta kama. Kada ki ba shi jiƙo a hanya.