Sitiyari na kakkarwa idan na taka birki: in kankare faifan ko in sayi sabo?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawararku nake nema a kan motata. Kusan wata biyu ke nan, duk lokacin da nake gudu kamar 80 zuwa 100 na taka birki, sai sitiyari ya kama kakkarwa a hannuna, birkin ma in ji yana bugun tafin ƙafata kamar bugun zuciya. Da ƙaramin gudu ba na jin komai.

Na nuna wa kanikawa biyu. Na farko ya zura yatsa ta cikin wili ya shafa faifan birkin gaba, wanda suke kira dis, ya ce ya lanƙwashe, a cire a kai inji a kankare fuskarsa, zai dawo kamar sabo. Na biyu ya ce kada in soma, kankarewa ɓata kuɗi ne, in sayi sabbi guda biyu in huta. Kowa da rantsuwarsa. Fad ɗin ma, wato abin da ke matse faifan idan an taka birki, duk sun ce ya kusa ƙarewa. Ni dai ba na son jefar da abin da bai mutu ba, kuma da wannan motar nake ɗaukar iyalina. Wanne zan bi?

Tsohon direba:

Wa alaikumus salam ɗana. Canza kawai. Birki ba wurin tsimi ba ne. Inji in ya lalace tsayawa mota take yi, birki in ya lalace ƙin tsayawa take yi. Ka zaɓi wanda kake so.

Mai tasi:

Baba, da girmanka, ba kowane ciwo ne ake yanke wa ƙafa ba. Tawa sau ɗaya aka kankare, na yi tafiya mai yawa da ita lafiya lau kafin na canza. In faifan na da kauri me zai sa a zubar?

Bakanike:

Malam, kafin ka bi Baba ko ka bi mai tasi, akwai tambayar da ya kamata ka yi wa kanikawan nan biyu: wa ya auna a cikinsu? Daga bayaninka ɗaya yatsa ya sa, ɗayan kuma baki ya sa. To maganar nan ba ta yatsa ba ce.

Kusan kowane faifan birki kamfanin da ya ƙera shi ya buga masa lamba a jiki, ko a bakin gefensa ko a wurin da ya kumbura a tsakiya inda kusoshin taya ke ratsawa. Za ka ga an rubuta MIN TH sai lamba da milimita. Wannan shi ne kaurin da in faifan ya kai shi, ya gama aiki. Tsatsa kan rufe rubutun, sai an goge da burushin ƙarfe. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne tazarar da ke tsakanin sabo da mataccen ba ta da yawa. A yawancin ƙananan motoci milimita biyu ce zuwa uku, a fuska biyun gaba ɗaya. Ke nan faifan da ya zo da kauri 25, mai yiwuwa a 23 aka ce a jefar da shi. Duk rayuwarsa ke nan. Fad yana ci daga ciki kullum, injin kankarewa kuma daga cikin wannan ɗan abin zai ɗiba, ta gaba da ta baya.

Saboda haka lissafin mai sauƙi ne. A auna kaurinsa yanzu, a cire abin da inji zai ci kafin fuskar ta yi sumul, a duba abin da ya rage. In ya rage da sauran tazara mai kyau sama da lambar, kankarewa halas ce, aiki ne da kamfanonin mota da kansu suka yarda da shi. In zai sauka daidai kan lambar ko ƙasa da ita, sabo za ka saya. Kuma ka lura, bayan an kankare sabon fad zai hau ya ci gaba da cin ƙarfen har ya ƙare, don haka faifan da ya fito daga inji yana kan layi, wata kaɗan zai yi ya faɗa ƙasa.

Dalilin da ya sa aka sa iyakar nan: aikin birki shi ne mayar da gudun mota ya zama zafi, faifan kuma shi ke shanye zafin ya watsar. Ƙarfe mai kauri yana ɗaukar zafi da yawa kafin ya yi ja. Siriri nan da nan yake cika, sai ka ga a doguwar gangara kana taka birki yana ƙara sanyin jiki. Ga shi birkin gaba shi ke ɗauke da mafi yawan aikin tsayar da mota, don nauyi gaba yake zubowa idan an taka. Sannan in faifai ya yi siriri fad ma ya cinye, fistan ɗin kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe da fad yana matse shi a jikin faifai, yana fitowa fiye da yadda aka tsara masa.

Akwai kuma faifan da ko kaurinsa ya kai nawa ba na kai shi inji: wanda ya tsage, musamman tsagar da ta kai baki, da wanda tsatsa ta cinye haƙarƙarin da ke tsakiyarsa inda iska ke ratsawa, da wanda ya yi tabo shuɗi-shuɗi mai ƙyalli. Wannan tabon alamar zafi ya sauya ƙarfen ne ya taurara a wurin, kuma taurin yakan shiga ciki. Inji zai share samansa, ka yi sati kaɗan wurin ya sake tasowa don ba ya cinyewa daidai da sauran fuskar.

Mai tambaya:

Na gode Oga, wallahi ban taɓa sanin akwai lamba a jikinsa ba. Amma shi lanƙwashewar da aka ce ya yi fa? Ai in ya lanƙwashe ko da kauri ba shi da amfani ko?

Mai injin kankare ƙarfe:

Bari in shigo nan, don aikina ke nan. Kusan duk wanda ya kawo min faifai cewa yake ya lanƙwashe, amma in na ɗora a inji ba kasafai nake samun wanda ya lanƙwashe kamar murfin tukunya ba. Ƙarfen zubi ne, tsagewa ta fi masa sauƙi a kan lanƙwasa. Abin da ke faruwa shi ne kaurinsa ya daina zama ɗaya a zagaye: nan ya fi can da ɗan abin da bai kai kaurin gashin kai ba. Duk juyi ɗaya, wurin mai kauri ya tura fad baya, fad ya tura fistan, fistan ya tura man birki, man ya bugi ƙafarka. Bambancin kashi biyu cikin ɗari na milimita ya isa ka ji shi a sitiyari. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan bai sani ba, yatsa ma haka.

Yadda ake awon: da maikuromita, wato ma'aunin kaurin ƙarfe, a wurare kamar takwas a zagayen faifan, kimanin milimita 10 daga baki zuwa ciki. Kada a kama bakin can na waje, don fad ba ya taɓa shi, yana nan da tudunsa, zai ba ka kaurin ƙarya. Lamba mafi ƙanƙanta da aka samu ita ce kaurin faifanka.

Kuma zan faɗi abin da ke rage min ciniki. In an kawo min faifai da kaurinsa bai isa ba, ba na taɓawa. Wasu za su karɓa su kankare maka ya yi ƙyalli kamar madubi, ka tafi kana murna. Garin neman gira ke nan.

Wata 'yar uwa:

Yayana, ka tambaye su abin da ya jawo kakkarwar tun farko. Ni sabbi fil na saya na saka, aka ce an gama. Ban cika wata huɗu ba rawar ta dawo. Na koma ina faɗa cewa jabun kaya aka sayar min. Sai da wani bakanike ya cire faifan ya nuna min mazauninsa, duk tsatsa ta yi tudu, wanda ya ɗaura bai goge ba, kawai ya ɗora sabo a kan datti. Faifan ya zauna a karkace, yana juyawa yana gogar fad ta gefe ɗaya ko ban taka birki ba, har ya ci kansa. Laifin ba na kayan ba ne.

Bakanike:

Hajiya ta taɓo inda gizo ke saƙa. Ko ka kankare ko ka canza, in ba a gyara musababbin ba, za ka dawo nan da tambaya iri ɗaya.

Bayan an ɗaura faifai akwai agogon awo mai allura da ake jingina wa fuskarsa a juya shi da hannu, a ga ko yana lilo. Yawancin motoci abin da aka yarda da shi bai wuce kusan 0.05 na milimita ba. Ɓarɓashin tsatsa a mazauni ya isa ya wuce haka. Sai notin taya: masu ɗaurewa da bindigar iska ko su hau kan sifana da ƙafa, wani noti ya matse fiye da kima wani bai kai ba, su ma suna karkata faifai. A ɗaure a tsallake, wannan sai na ƙetarensa, da sifana mai awon ƙarfi, a kan lambar da littafin motarka ya faɗa. A duba boris ɗin da taya ke juyawa a kansa ko yana da wasa. A zaro sandunan da kalifa ke zamewa a kansu, a wanke a sa musu giris ɗin birki, don in ɗaya ya ƙage, fad ɗaya zai riƙa manne wa faifai yana dafa shi.

Akwai kuma halin tuƙi. Ka sauko doguwar gangara birki ya yi zafi sosai, ka tsaya cak ka danne shi na minti biyu, fad zai bar tambarinsa a wuri ɗaya a fuskar faifan. Daga nan ma rawa kan fara.

Mai tasi:

To ai shi ya sa wasu garejin ke da injin da ke kankare faifai yana jikin mota, ba sai an cire ba. Yana daidaita shi da mazauninsa kai tsaye.

Mai injin kankare ƙarfe:

Gaskiya ne, wannan ya fi nawa kyau ta wannan fuskar, in mai riƙe da shi ya iya. Amma shi ma ƙarfe yake ci, lambar nan tana nan tana jiransa.

Wani ɗan uwa:

Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri na shiga. Nawa ba ya rawa, fad kawai zan canza. Dole ne sai na taɓa faifan?

Bakanike:

A'a. In ba ya rawa, kaurinsa ya isa, babu tsaga, zanen da ke fuskarsa ba mai zurfi ba ne, ka bar shi ka sa fad. Kankare lafiyayyen faifai rage masa kwana ne kawai.

Mai tambaya:

'Yan uwa na dawo. Yau na sa an cire tayoyin gaba a gabana. Mun goge mun ga lambar, 23 ce. Na hagu ya ba mu 24.2, fuskarsa ba laifi. Na dama wurin da ya fi siriri 23.4, kuma ta ciki akwai rami mai zurfi da farce ke maƙalewa a ciki, ga tabo shuɗi guda biyu. Fad na ciki a ɓangaren dama ya kusa kai ƙarfe, na waje kuwa da sauransa sosai. Da aka zo zaro sandar kalifa ta ƙasa sai da aka sha wuya, ta bushe ƙamas. To yanzu in canza na dama kaɗai in kankare na hagu?

Bakanike:

Na dama ya tafi, babu abin da inji zai samu a 0.4 da rami irin wannan. Ka ga kuma ga ɓarawonka nan, sandar da ta ƙage.

Na hagu a karan kansa zai kankaru, amma kada ka haɗa sabo da tsoho a gaba. Faifai biyu na layi ɗaya tare ake canza su, fad ma duka huɗun, don kama birkin dama da hagu ya zo ɗaya, in ba haka ba mota na iya fizga gefe ranar da ka taka da ƙarfi. Ka duba robar da ke rufe sandar nan, in ta yage ruwa zai sake shiga. Sabon faifai yakan zo da ɗan mai a jikinsa don kada ya yi tsatsa a kwali, a wanke shi da maganin wanke birki kafin a ɗaura.

In an gama kada ka fita da gudu. Ka fara danna birki a tsaye har ya yi tauri, don an mayar da fistan ciki, takun farko fanko ne. Sannan ka sami hanyar da babu mutane, ka kai kamar 60 ka rage zuwa 10 da matsakaicin ƙarfi ba tare da ka tsaya cak ba, kamar sau takwas ko goma, sai ka yi 'yar tafiya ba birki ya huce. In kwalin fad ɗin ya zo da nasa bayanin, shi za ka bi.

Tsohon direba:

To ɗana, ba tun farko na ce ka canza ba?

Mai tasi:

Baba ka faɗa, amma da ya canza a ranar, da sandar nan na nan a ƙage tana jiran sabon.

Mai tambaya:

Allah Ya saka wa kowa da alheri. An saka sabbi biyu da fad, an goge mazaunin har sai da ya yi haske, an canza robar sandar don ta yage kamar yadda Oga ya yi zato. Notin ma na tsaya a kai aka ɗaure da hannu. Jiya na kai 100 na taka, sitiyari ko motsi bai yi ba. Na hagun na ajiye shi a but, mai gareji ya ce yana so, na ce sai na yi shawara.