Abin da aka tsayar kan manhajojin kwamfuta

Jama'a, muhawarar da aka yi kan manhajojin da ya kamata a sa wa kwamfuta ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda da VLC wajen kallon bidiyo, da 7-Zip wajen buɗe fayilolin da aka matse. Duka kyauta ne.

2. Wajen rubutu aka rabu. Wasu sun ce LibreOffice, manhajar kyauta mai yin irin aikin Word, ya wadatar. Masu shagunan buga takardu na Ƙofar Ƙaura a Katsina suka ce sam, in ɗalibi ya kawo aikinsa daga Word, tsarin shafi kan watse. Ni dai ina ganin gaskiyarsu, don su ke shan ƙorafin kwastoma.

3. Ga masu fama da rubuta ƙ, ɗ, ɓ, an ambaci Keyman, manhajar da ke ba da damar buga irin waɗannan haruffa.

4. Tsohuwar kwamfuta: tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10. Wasu sun ce a koma Linux Mint, wanda ake sawa a madadin Windows, wasu na tsoron firintarsu ta ƙi aiki.

5. A guji manhajar sata da ake yawo da ita a filasha, ƙwayar cuta ke bin ta.

Kuma a kunna adana aiki kai tsaye, wutar Katsina ba ta sallama in za ta tafi.