Warner rowa take yi da Pennywise, ko kuwa?

Ɗan Fage: Jama'a ku bar ni in amayar da abin da ke cina. Fim ɗin It na kamfanin Warner ya fito tun 2017, na biyunsa ya biyo baya a 2019, amma har aka rufe Halloween Horror Nights na 2025, bikin tsoratarwa da kamfanin Universal ke yi duk shekara a wuraren shaƙatawarsa, Universal ba ta gina wa Pennywise, dodon fim ɗin, gidan tsoro ba, ko a Orlando ko a Hollywood. Duk shekara masu zana taswirar hasashen gidajen da za a yi sai sun saka shi, duk shekara a sha ƙasa. Ni dai maganata ɗaya ce, Warner rowa take yi. Wanda ya ce ba haka ba ya fito fili.

Malam Na-Layi: Rowa kuma? Ɗan'uwa, kamfanin da ya ba Universal lasisin Harry Potter har ta buɗe masa unguwa guda a Orlando tun 2010 shi ne marowaci? The Exorcist a 2016, The Shining a 2017, Beetlejuice a 2021, duk kayan Warner ne, kuma duk an yi musu gida a wannan bikin. Nemo wata kalmar.

Ɗan Fage: Marowaci ma ai yana ba ka ruwa ya ɓoye fura. Tsofaffin finafinai ta bayar, na yayi ta riƙe.

Anti Lauya: Ku tsaya tukuna. Kafin ka kira mutum marowaci sai ka tabbatar abin duka nasa ne. Fim ɗaya haƙƙinsa a rarrabe yake, kuma mai gina gidan tsoro sai ya bi kowanne. Akwai izinin amfani da labarin da sunan fim ɗin a wurin shaƙatawa, wanda daban yake da izinin rarraba fim a silima. In daga littafi aka ɗauko, kamar It da Stephen King ya wallafa a 1986, sai an duba me yarjejeniyar farko ta sayar, me ta bar wa marubuci. Fuskar ɗan wasa ma daban take: kamfani zai iya ba ka dodon ya ce ba shi da ikon ba ka kamannin wanda ya fito a matsayinsa. Sai kiɗa. Sautin da kowa ke gane The Exorcist da shi, Tubular Bells, na Mike Oldfield ne, ya fito a faifansa na 1973, ba don fim ɗin aka yi shi ba. Ko fuskar roba tana iya zama da mai ita: ta Ghostface a Scream mallakar kamfanin kayan bikin Halloween ce mai suna Fun World, masu fim ɗin ma lasisi suke karɓa. Ɗaya daga cikin waɗannan ya cije, gida ya tsaya.

Kawu Sarkin Musu: To Hajiya, in mutum biyar suka haɗu suka hana ka abu ai rowar ce ta ninku biyar.

Anti Lauya: Kawu, wanda bai sa hannu ba don lauyoyinsa ba su gama da takarda ba, ba a ce masa marowaci.

Malam Na-Layi: Kuma ni ban ga inda aka ɓoye Pennywise ba. Warner ta yi nata bikin, Horror Made Here, a sitidiyonta na Burbank, a 2018 ta saka gidan It da na The Conjuring. A Las Vegas an buɗe Escape IT, wurin wasa da aka gina kan fim ɗin It, a 2023. The Conjuring kuma ta ba Six Flags, wani kamfanin wuraren shaƙatawa, a 2023 da 2024. Wannan ciniki ne. Ta ga inda kayanta zai fi kawo mata riba ta kai can.

Ɗan Fage: Yawwa, ka faɗa da bakinka. Ta kai wa Six Flags ta hana Universal. Mene ne sunan wannan?

Malam Na-Layi: Sunansa kasuwa. Wa ya ce maka ma Universal ta nema aka hana ta? Kawo takarda.

Baban Ummi: Ni kalmar da ta dace da Warner ita ce tsoro. Tana tsoron a lalata mata dodo. Ku duba yadda gidan yake aiki: mutane na shiga a jere ba yankewa, tafiyar 'yan mintoci ce, ɗan wasa yana laɓe a rami a bango, ya danna maɓalli da hannu ko ƙafa, fitila da ƙara su tashi, ya faɗo, ya koma, bayan 'yan daƙiƙoƙi ya sake. A Orlando rukuni biyu ake yi wa kowane gida, suna karɓa-karɓa kusan duk minti 45. Ke nan in Pennywise zai fito a ɗaki shida, mutum goma sha biyu kake nema a dare ɗaya, ban da na ko-ta-kwana, masu tsayi iri ɗaya. Ba za ka zauna kana yi wa kowannensu kwalliyar awanni ba, dole fuskar roba. Dodanni irin su Jason na Friday the 13th da Michael Myers na Halloween ba su da wannan matsalar don dama fuskarsu a rufe take kuma ba sa magana. Pennywise kuwa da baki da ido yake aikinsa. Roba ba ta murmushi. Mai fim kuma shi ke amincewa da kowace fuska da kowace riga kafin a buɗe ƙofa.

Kawu Sarkin Musu: Freddy, dodon A Nightmare on Elm Street, shi ma da baki yake aiki, kuma an yi shi da roba a 2007 da 2015 ba wanda ya mutu. Wannan hujjar ba ta da ƙafa.

Yaya Babba: Tunda an ambaci Jason, ga misalin da ke kashe zancen rowa. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1976 ta ba marubuci damar karɓe haƙƙinsa bayan shekara 35. Victor Miller, wanda ya rubuta Friday the 13th na 1980, ya yi amfani da ita. Kamfanin Sean Cunningham, daraktan fim ɗin, ya kai ƙara yana cewa Miller ma'aikaci ne kawai. Kotu ta ba Miller gaskiya a 2018, ta ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2021. Amma abin da ya samu labarin fim na farko ne, a cikin Amurka kaɗai, alhali Jason mai fuskar wasan hoki sai a fim na uku, 1982, ya bayyana. Kowa ya riƙe rabin dodo. Shi ya sa Jason ya ɓace daga bikin tun 2015 sai a 2025 ya dawo da sunan Jason Universe.

Auta: Yaya, da girmanka, 2015 na Orlando ne. Hollywood ta yi Freddy vs. Jason a 2016, ta yi Titans of Terror a 2017 da Freddy da Jason da Leatherface. Ku 'yan Orlando kullum kuna magana kamar ku kaɗai ne bikin.

Yaya Babba: Ƙanena, a Orlando aka fara abin a 1991, dare uku da gida ɗaya, da sunan Fright Nights. Yanzu gida goma ake yi, kusan rabi labarin da suka ƙirƙira da kansu. Hollywood ta kai goma?

Auta: Yawa ba shi ne kyau ba. Mu muna da Terror Tram, ana sauke ka a ainihin filin da ake ɗaukar fim, ka wuce ta gaban gidan Psycho. Ku tanti da ɗakunan ɗaukar shiri kuke cusa mutane.

Yaya Babba: Ɗakunan nan ne ke ba da damar gina bene guda a ciki da sanyin na'ura. Ku da baƙin bango kuke cike tsakanin ɗaki da ɗaki.

Ɗan Fage: Don Allah a dawo kan Pennywise.

Kawu Sarkin Musu: In rowa ake nema ga Disney can. Alien vs. Predator ya samu gida a 2014, American Horror Story a 2016 da 2017, duk kayan kamfanin Fox ne. Disney ta sayi Fox a 2019 kan dala biliyan 71 da ɗoriya. Tun daga nan wa ya sake ganinsu a bikin?

Anti Lauya: Disney tana da nata filin a gari ɗaya da Universal, Kawu. Za ka ba makwabcin shagonka kayan da zai janye maka masu saye? Kuma ko da yake Marvel tata ce yanzu, har yau yarjejeniyar da Marvel ta yi da Universal a 1994 tana ɗaure mata hannu a gabashin kogin Mississippi, Spider-Man na wurin Universal. Wanda aka yi wa wannan ba zai ƙara miƙa komai da sauƙi ba.

Kawu Sarkin Musu: Ato, ramuwar gayya. Ita ma ƙanwar rowa ce.

Baban Ummi: Ku ƙara da lokaci a lissafinku. Kusan shekara guda kafin buɗewa ake fara zana gida, gini ya kankama tun bazara. In yarjejeniya ta wargaje bayan an kafa bango, ba a rushewa, sai a sauya kaya da fenti a liƙa wani suna. Abin da masoya ke faɗa kan gidan The Purge na Orlando a 2015 ke nan, wai na Scream ne aka juya.

Malam Na-Layi: "Wai" ka ce. Jita-jitar masu leƙen katanga ce.

Baban Ummi: Duk zaren nan ai a kan wai aka gina shi, Malam.

Shugaban Zaure: To ya isa haka, zan taƙaita. Abin da aka cimma: ɗaya, Warner ba ta yi rowa ba, Malam Na-Layi da Anti sun kawo hujja ba wanda ya iya turewa. Biyu, mai rowar gaske Disney ce. Uku, an tabbatar Orlando ce uwa, gida goma ba wasa ba. Zancen fuskar roba a bar shi sai wani jiƙon.

Auta: Shugaba, wa ya tabbatar da na ukun? Kai da Yaya ne kawai.

Anti Lauya: Ni ma ban ce Disney marowaciya ce ba, akasin haka na faɗa. A cire sunana.

Ɗan Fage: Har yanzu dai ba wanda ya gaya min dalilin da ya sa babu gidan Pennywise.