Musayar Waƙa Kan Cakwati, Sarkin Rawar Disko

Baba na Fagge:
Salamu alaikum 'yan zaure. Yau jarumin finafinan Indiya Mithun Chakraborty za mu taɓa, wanda muka fi sani da Cakwati. Ƙwar huɗu za a yi, amsa-amon waje "wa". Na buɗe fage.

Bismillahi na ɗau alƙalami,
In tsara baiti a kan jarumi,
Ɗan Kalkata mai ji da tsimi,
Cakwati sarkin masu rawa.

A Marhaba mun bi layi da dare,
Kuɗin tikiti a lalita a ɗaure,
In ya karkaɗa ƙugu mu miƙe tare,
Silima ta ɗauka da tafi da sowa.

Disco Dancer a 1982 ya fito,
Kowane shagon aski da nasa hoto,
Bappi Lahiri ya yi kiɗan da ya wuce zato,
Ƙafar Cakwati tana amsawa.

Autan Zaure:
Baba, a gafarce ni, na kalla a waya,
Wando mai walƙiya kamar lefen amarya,
Harbin iska da murguɗa wuya,
Wannan ne kuke kira ƙwarewa?

A kawo Prabhu Deva a gwada,
Ko Hrithik in ya tashi murɗa,
Ko Baba bai so ba zai yarda,
Zamaninku ya daɗe da shuɗewa.

Gwaggon Zariya:
Yaron nan wando ya gani, bai ga yunwar da ke cikin wandon ba.

Auta, zauna ka sha labari,
A 1950 aka haife shi, Kalkata ne gari,
Da ƙuruciya ya jefa kansa a haɗari,
Cikin 'yan Naksal masu tawaye don talakawa.

Wayar lantarki ta kashe ɗan'uwansa,
Rasuwar ta dawo da shi gaban iyayensa,
Ya bar tawaye ya sake hanyarsa,
A makarantar fim ta Pune ya sami gogewa.

Ya yi rawa a tawagar Helen da sunan aro,
Rana Rez ake kiransa a taro,
Kwanan titi ya daina ba shi tsoro,
Har kan tankin ruwa ya sha kwantawa.

Mrinal Sen ne ya fara ba shi aiki,
Mrigayaa, 1976, abin mamaki,
Maharbin ƙauye da aka danne wa haƙƙi,
Ya ci kyautar ƙasa tun daga farawa.

Kyautar ba ta zama abinci ba,
Bombay ba ta buɗe masa ƙofa ba,
Furodusoshi ba su yi rububinsa ba,
Ga lambar yabo a hannu, ga yunwa.

Malam na Sakkwato:
Allah ya saka, Gwaggo. Saura dalilin da ya sa ƙofar ta ƙi buɗuwa.

Masu fim sun tsaya kan launin fata,
Wai baƙi ba ya jan hankalin 'yan mata,
Manyan taurari mata suka nisanta,
Sai Zeenat Aman ta zo da amincewa.

Shi da bakinsa ya ba da dalili,
Ya ƙudura zai yi rawa a fili,
Har ƙafa ta ɗauke wa kowa hankali,
A manta fuskar da ake rainawa.

Mu da ke kan benci muna kallonsa,
Fatarmu ba ta yi nisa da tasa,
Ba ma jin Indiyanci, mun gane nufinsa,
Talaka ne ya ƙi durƙusawa.

Baba na Fagge:
Gwaggo, zancen lantarkin nan ya tsaya mini a rai. Ya tuna mini da Disco Dancer, inda Cakwati ya fito a matsayin Jimmy.

A fim ɗin an haɗa wa jita wuta,
Don a kashe Jimmy, uwa ta riga taɓa ta,
Ta faɗi, ya kasa sake ɗaukar ta,
Ashe ciwon ya san shi tun a rayuwa.

Tsohon Ɗalibin Mosko:
Ni a Tarayyar Sobiyet na yi karatuna,
Fim ɗin ya isa can a 1984, a kan idona,
Layi cikin ƙanƙara har ya sha kwana,
Jimmy ne sunan da ke bakin Rashawa.

Mai Kaset:
Kowa ya yi yabo, bari ɗan kasuwa ya yi lissafi.

Ni na sayar da kaset a Ƙofar Wambai,
Yabon nan naku a rage shi dai,
A 1989 fim 19 ya ja shi kaɗai,
Ina inganci a irin wannan yawa?

Ya tare a Ooty, garin sanyi da tudu,
Ya buɗe otal a can ƙasar kudu,
Ana ɗaukar fim ana ta gudu,
Labari ɗaya ake ta juyawa.

A kashe ƙanwa, ya tashi ɗaukar fansa,
Bos ya faɗi da naushin hannunsa,
Daga kwali nake gane ƙarshensa,
Amma kafin la'asar kaset na ƙarewa.

Gwaggon Zariya:
Ɗan kasuwa, ka ƙirga na shagonka,
Na harshen Bangali sun wuce saninka,
Tahader Katha na 1992, je ka bincika,
Kyautar ƙasa ta biyu, ba tsalle ba rawa.

Ta uku kuwa da ya fito a matsayin Ramakrishna, malamin addinin Hindu, ya same ta, cikin fim ɗin Swami Vivekananda, a daidai shekarun da kake kuka da su. Waɗancan na Ooty su ne gonarsa, yana biyan ma'aikata da su. Ban ce suna da kyau ba.

Autan Zaure:
To na ji, na sara wa ƙafa. Saura tambaya ɗaya.

Ɗan tawayen jiya ya shiga majalisa,
A 2014 jam'iyyar Trinamool ta ɗora shi bisa,
A 2021 sai ga BJP ta karɓi hannunsa,
Baba, wannan ma salo ne na rawa?

Malam na Sakkwato:
Yaron nan bakinsa da kaifi. Baba, naka ne.

Baba na Fagge:
Auta, wannan takun ban tafa masa ba,
Ban bi layin Marhaba don ƙuri'a ba,
Abin da ya yi a siyasa ban wanke shi ba,
Can shi da mutanen Bengal ke ƙarewa.

Amma daga 2009 a gasar Dance India Dance,
Ya yi shekaru yana babban alƙali, zaune a kishingiɗe,
Matasan da ke lanƙwasa jiki a natse,
Gabansa suka riƙa zuwa neman sa hannun wucewa.

A 2024 Indiya ta kira shi fada,
Kyautar Dadasaheb Phalke aka miƙa ba gardama ko faɗa,
Babu ta sama da ita a fim, kowa ya shaida,
Ga baƙin da aka ce bai dace da fitowa.

Gwaggon Zariya:
Baba, baitin nan na ƙarshe ya ci "ba" ɗinsa, kuma Dance da kishingiɗe auren dole ka yi musu.

Baba na Fagge:
Sunan Turanci ba ya jin linzami, Gwaggo, a bar ni haka. Kai kuma Auta:

Tunda ka ce harbin iska ne kawai,
Jingina wayar nan da bango sosai,
Ka yi mana takun na minti biyu dai,
Ka turo mu ga inda gwiwa ke tsayawa.